Warkin Kakan Armiya'u

Ranar bikin samun Jihar Zamfara, kowace sana'a ta yi jerin gwano a Ƙaura Namoda da kayan kakanninta. Hindu tana ɓangaren mata da gwaggonta, Bafulatanar da ba ta yarda a haɗa zuri'a da mahauta.

Sai ga Armiya'u, saurayin Hindu, a gaban mahauta, sanye da warkin fata na kakansa. Sau nawa ta roƙe shi ya zauna gida yau.

Ya matso ya durƙusa. "Gwaggo, ina wuni."

Gwaggo ta dubi Hindu. "Wanga ne ɗan makarantar da kika ce?"

Hindu ta harare shi. "Da babbar riga na ce ka zo gida."

"Ko na zo da ita, wannan ne a ƙarƙashi."

Gwaggo ta ja hannunta. Hindu ta yi tsaki, amma ba ta motsa ba.