Yawu a Kan Dutsen Washi

A shekarar fari manoma suka daina kawo fartanya maƙerar Baba a Damagaram, sai dai wuƙaƙe. Wata rana bayan la'asar wani dattijo daga Hamdara ya miƙo tasa.

"Maƙeri, ka wasa mini ita sosai. Saniya ɗaya ta rage mini, ta kasa tashi. Ba na so ta sha wuya."

Lokacin ba mai zuba wa dutsen washi ruwan sha. Baba ya sunkuya zai tofa yawu, ba abin da ya fito. Ya ɗago ya dube ni.

"Zo ka tofa."

Na tofa. Har yau in na ji ƙarar wuƙa a kan dutse, sai bakina ya bushe.