Rezar Khaula

Kwana huɗu Khaula tana susa a ɓoye. Tun da ta yi askin gaba ƙuraje suka feso mata, masu ruwa da ƙaiƙayi. Ta riga ta yanke hukunci: mijinta Mahfuzu ne ya kwaso ciwo a tafiyarsa garin Banyo. Ko kallonsa ta daina yi. Har kayanta ta haɗa.

A asibiti ungozoma ta duba ta ce, "Madam, ba ciwon sanyi ba ne. Rezarki ce ke da datti."

Ta dawo a kunyace, ta tarar da surukarta tana kankare ƙafar saniya.

"'Yata, rezar nan taki ta banɗaki akwai kaifi. Kullum ina gamawa nake mayar miki. Zo ki ɗanɗana romon jiya."