Farin Layi a Jikin Dutse

Tun da zafi ya ƙone garuruwan kwari, jihar duwatsun yamma kaɗai ke da ruwa da gonakin dankali. Dokarta: jaririn da aka haifa sama da farin layin da aka shafa wa dutse, shi da iyayensa 'yan jiha ne.

Kwana biyu Jatau da matarsa Kande suna hawa, har naƙuda ta kama ta. A bakin layin suka tarar da wani dattijo yana kankare fentin.

"Baba, me kake yi?" in ji Jatau.

"An shafa sabo can sama, tafiyar yini. Ina gama kankare wannan, sabon ne doka."

Kande ta durƙusa. "Malam, wallahi ba zan kai ba."

Dattijon ya dubi ɗan abin da ya rage, ya ajiye wuƙarsa.

"Tsallakar da ita. Hannuna ya gaji, ba zan ƙarasa ba sai ta sauka."