Tsohon Hedimasta da Tsiryar Lambu

Matso kusa ka ji wani misali, don ya shafi duk mai son faranta ran wanda yake ƙauna.

An yi wani dattijo, tsohon hedimasta, da matarsa wadda suka tsufa tare. Ciwon ido ya kama ta, irin mai cin gani a hankali daga gefe-gefe, likita kuma bai ɓoye musu ba, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya saura ma a kan hanya yake. Wata rana suna shan iska a tsakar gida ta ce, kafin duhu ya rufe ta ba abin da take marmarin sake gani kamar tsirya, tsuntsuwar nan koriya shar mai dogon bindi da jan baki, wadda ta saba gani garke guda a gonar dawar mahaifinta tana yarinya. Dattijo ya dubi ƙafafunta da suka kumbura, ya ga ba na yawo ba ne, sai ya ce, "Innar yara, sha kuruminki. Ni zan kawo miki ita har kan tabarmarki."

Ya sa 'yarsu ta aro masa kyamara, ya koyi inda ake latsawa, ya nufi lambun shaƙatawa na bakin gari, inda aka ce tsiryoyi na kwana a kogunan manyan maɗatai. To, ka san dattijon kirki ba ya fita ƙofar gida da tsumma. Farar shadda ya zuba, ta sha sitaci har tana ƙara, ga hula, ga turare. Tun daga nesa tsuntsaye ke hango wannan farin abu yana tahowa kwaram-kwaram, sai su ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ran da kuwa ya yi sa'a ya laɓe a gindin tsamiya, ya daidaita kyamara, sai ka ji wani ƙato ya taho da gudu ya durƙusa: "Ranka ya daɗe, hedimasta! Ba ka gane ni ba?" Shi kuwa mutumin da ya koya wa rabin gari gaisuwa, ina zai ƙi amsawa? Ina gajiya, ina iyali, yaya wajen su Hajiya. Kafin a kai ga "sai an jima" reshe ya zama wayam. Haka ya riƙa komowa gida da hotunan sararin sama, da ganye, da ƙarshen bindin wata kurciya. Matar ta yi ta dariya har da tari, shi ma ya taya ta, amma zuciyarsa na suya, don ya lura yanzu sai ta lalubi kofi kafin ta ɗauka.

Ana nan rannan Allah ya ba shi, ya sami hoto mai kyau, tsirya a kan reshe ta karkato da kai. Bai ko tsaya cin abinci ba, ya je aka wanke masa shi babba, ya kawo yana haki. Ta kai shi daf da hancinta, ta juya shi, ta shafa da yatsa. Can ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ta yi kyau. Sai dai ta cika shiru. Tsiryar da na sani ba ta rufe baki."

Maganar nan ta zauna masa a ƙirji. Ashe duk wahalar da yake sha, inuwa yake ɗauko mata. Kashegari da la'asar ya kira mai adaidaita sahu, aka jera matasai, aka ɗaura kujerar roba a baya. Da suka isa lambun ya kama hannunta, taku ɗaya su huta, taku ɗaya su huta, har ya zaunar da ita a gindin maɗaci, kusa da wani famfo mai ɗiga da ya tara ɗan ruwa a ƙasa. Ya tashi zai fara zagaye-zagayensa, ta jawo hannun rigarsa ta ce, "Zauna mana. Kai da wannan rigar taka ai ko jaki kwa kora." Wani tsohon ɗalibi ya doso da fara'arsa, ta ɗaga masa yatsa ɗaya, bawan Allah ya durƙusa daga nesa ya wuce sumui-sumui.

Suka yi tsit. Rana ta yi sanyi. Sai ga ƙara daga sama, kyak-kyak-kyak, kamar kasuwa ta ci. Garken tsiryoyi ya sauko kan rassa, wasu suka diro bakin ruwa, suna ture juna, suna faɗa a kan wurin tsayawa. Ɗan ganin da ya rage mata a tsakiyar ido ya kama koren nan yana walƙiya cikin hasken yamma. Ta damƙe hannun mijinta, ta ce, "Ga su nan! Ja'irai, har yau ba su koyi ladabi ba." Hawaye na bin kumatunta tana dariya. Kyamara kuwa tana kan cinyar dattijo, ko tuna ta bai yi ba, fuskar matarsa yake kallo.

Ka ga, abin da zuciya ke so ba kullum ake iya ɗauro shi a kawo mata ba, wani lokaci ita ake ɗauka a kai. Shi ya sa Hausawa suka ce, zuwa da kai ya fi aike.