Kwanon Kifi a Bayan Tanki

Kwanon ya yi sama ya daki bango, kifin ya watse a tsakar gida. Gwaggo Doka ce ta yi fatali da shi, ta tsaya riƙe da ƙugu tana huci.

"Wane mai kunnen ƙashi ne ya sake ajiye wa kyanwar nan abinci? Wallahi ranar da na kama mutum, sai ya tattara komatsansa ya bar min gida!"

'Yan haya ne suka laƙaba mata Doka a bayan idonta, don a gidan nata dokoki sun fi ɗakuna yawa. Babbar cikinsu ita ce ba a kiwon dabba. Bara ma ta kori wani malamin makaranta da iyalinsa a kan ɗan kwikwiyo, ana ba ta haƙuri tana ƙara hawa.

Mai ɗinki, ɗaya daga cikin 'yan hayan, na bayan labule, ƙafarta a kan keken ɗinki. Kwanon nata ne. Ta kuma san abin da take wasa da shi: tun rasuwar mijinta, ɗakin nan da keken nan su ke ciyar da ita da 'ya'yanta mata biyu, nan masu kawo ɗinki suka san ta. Amma haba! Wace irin zuciya ce za ta ga dabba na lasar baki ta hana ta loma?

Kyanwar baƙa ce mai farar ƙafa, ba wanda ya san daga ina take ɓullowa. Gashinta sumul, babu ko ƙuma, ga yanga kamar amarya. Da fari shinshina kifin kawai take yi ta kau da kai. Da ta ɗanɗani busasshen nan mai gishiri, shi ke nan, kullum da hantsi tana bayan tankin ruwa tana jira.

Gwaggo ta shiga sintiri. Ta leƙa kwandon shara, ta shinshina ƙofofi, har wurin mai kifi ta je tambayar wa ke yawan saye a gidanta. Mai ɗinki ta koma saye a wata kasuwa. Kowa ya iya allonsa ya wanke.

Sai kyanwar ta fara ramewa. Ruwa take sha ba ji ba gani, ta yi amai a gindin tanki, ta kwanta lamo. Matar direba, wata maƙwabciya a gidan, ta shigo ɗakin mai ɗinki ta rage murya.

"Yaya, guba ce. Da idona na ga tsohuwar nan tana dama wani farin gari a ɗan kwano. Tana ganina ta banko ƙofa."

Ran mai ɗinki ya ɓaci. Ta ɗauko kyanwar ta shimfiɗe ta a kwandon ƙyallaye ƙarƙashin keke, ta ninka mata kifi don ta samu ƙarfi. Mugun da ya isa ya shigo ya taɓa ta.

Washegari Gwaggo ta zama kamar wadda aka cinna wa wuta. Ɗaki-ɗaki take bi, tana ɗaga katifu, tana leƙa ƙarƙashin gadaje, idanunta jajir. Da ta iso ƙofar mai ɗinki, ta tarar da ita ta tokare hanya, babbar 'yar kuma na ciki tana taka keke da ƙarfi don ƙarar ta danne kukan kyanwa.

"Matsa in duba."

"Ba zan matsa ba, Gwaggo. Haya nake yi, ba bauta ba."

"Ke ce ko? Ke ce kike ba ta! Me kike ba ta? Faɗa min!"

"Abin da ke kika kasa ba ta. Ki ji tsoron Allah, dabba ma rai gare ta!"

Tsohuwar ta ce wata na ƙarewa a ba ta makullinta. Mai ɗinki ta ce ta ji, ai ƙasar Allah da faɗi. Sai da ta rufe ƙofa ta dubi 'ya'yanta, sannan ta gane abin da ta jawo musu.

To, tunda ɗaki ya tafi, sai ta tona wa muguwa asiri. Ta lulluɓe kwandon da zani ta fice ta ƙofar baya, ba ta zame ko'ina ba sai asibitin dabbobi. Ta dire shi a teburin likita.

"Likita, duba min. Guba aka ba ta, kuma na san wadda ta ba ta. So nake ka faɗa da bakinka, unguwa duk ta ji."

Likitan ya yaye zanin, ya ɗan yi turus.

"A'a, wannan ai mun san ta. Ciwon ƙoda gare ta tun tuni. Abincinta daban ne, da garin magani da ake dama mata, kuma da ta samu sauƙi sosai." Ya shinshina bakinta ya haɗe rai. "Wa ke ba ta kifi mai gishiri? Shi ne gubar. Ban ma sani ba ko za mu iya ceto ta."



"Mai ita tun safe take zarya a nan tana kuka," in ji likita, yana duban bayanta. "Yauwa, ga ta nan ma."

Mai ɗinki ta waiga, sai ga Gwaggo Doka a bakin ƙofa, takalmi wari da wari, ta miƙo hannu biyu tana cewa: "Autata, zo wurin uwarki."