Ranar da Ruwa Ya Sauka a Kan Sabon Kwano

Kai da aka ɗora wa jan waƙa a sujada, ga wani misali ka riƙe.

A wata ikilisiya ta manoma an yi wata mata mai bayar da waƙa ranar Lahadi. Allah ya hore mata murya, amma ba ta cika sakinta ba. In za ta ɗauko waƙa, sai ta saukar da ita daidai maƙogwaron wani tsoho mai zama a bencin gaba, wanda muryarsa ta daɗe da dusashewa. A ganinta, in shi ya iya kaiwa, kowa ma zai kai. Sabuwar waƙa kuwa ɗaya tak take kawowa a wata. Takan koyar da ita baiti-baiti, sannan ta kasa kunne cikin mako. In ta ji ta a bakin mata wurin injin niƙa, ko a bakin mai huɗa a gona, waƙar ta zauna ke nan. In ba ta ji ba, sai ta ajiye ta, ko da ita kanta tana sonta. Matasa suka yi ta gunaguni, wai waƙoƙinta sun zama tuwon jiya, kullum ɗumame. Da aka gama ginin sabon ɗakin sujada aka sa ranar keɓe shi, dattawa suka kira ta suka ce baƙi za su zo daga ikilisiyoyi bakwai, ba sa so a ji kunya. Akwai wani ɗan garin da ya dawo daga birni da sababbin waƙoƙi, shi zai ja waƙa ranar, in kuma jama'a sun yaba, shi zai ci gaba. Shekararta goma sha ɗaya tana wannan hidima. Ta ce to, ta koma gida abin yana cin ranta.

Ranar ta faɗo tsakiyar damina, ga rufin kwano sabo fil, ba a kai ga yin silin ba. Mutumin ya fara, kuma gaskiya muryarsa da daɗi, ita ma ta shaida haka a zuciyarta. Sai dai jama'a kallonsa suke yi suna kaɗa kai, baki a rufe. Yana cikin waƙa ta uku ruwa ya kece, ƙarar kwano kamar ana zazzage tsakuwa a cikin daro. Aka ƙara wa lasifika ƙarfi, ta yi ƙara ta ɗauke. Motsin bakinsa kawai ake gani, kuma babu wanda ya san waƙar balle ya tallafe shi. Sai ya katse waƙar. Mutum kusan ɗari huɗu suna tsaye cirko-cirko, baƙi suna kallon masu gida. Fasto ya yafuto matar da hannu. Ta san ko ta ƙure murya ba za ta wuce benci na uku ba, don haka ba ta fita gaban jama'a ba. Ta sunkuya wurin tsohon nan, ta zuba masa baitin farko a kunne, na waƙar godiyar da suka yi ta rerawa lokacin da suke buga tubalin ginin. Tsoho ya ɗauka, na kusa da shi ya karɓa, benci ya miƙa wa benci, kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa, har ta kai ƙofa. Amshin waƙar gajere ne, zuwa baiti na biyu baƙi ma sun kama. Matan ƙungiyar zumunta ta ikilisiyar suka janyo tulun kiɗa da kacau-kacau, wata ta rangaɗa guɗa, mutumin birni ya sauko ya shiga sahu yana amshi. Ruwa bai rage ba, amma ba a ƙara jin sa ba. Matar tana tsakiya tana rerawa iyakar ƙarfinta, ta nemi muryarta cikin ta jama'a ta rasa, kuma tunda take ba ta taɓa jin daɗin waƙa irin na ranar ba.

Bayan an tashi, babban dattijo ya tsaya gabanta yana jujjuya hularsa a hannu, ya ce, "Mama, Lahadi mai zuwa wacce za mu yi?" Ta faɗa masa. Sannan ta juya wurin mutumin birni ta ce ya zaɓo ɗaya daga cikin nasa su koyar tare, su ga ko za ta kai injin niƙa.

Rufin da aka ɗora don jama'a, jama'a ne za su cika shi da waƙa. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.