Ranar da Shamsu Ya Hau Rufi Shi Kaɗai

Shamsu tela ne a Sabon Gari, cikin Maraɗi, kuma Allah ya ba shi hannu a ɗinkin mata. Har daga Tibiri da Jiratawa ake aiko masa atamfa. Damuwarsa ɗaya ce: in mai kaya ta turo hoton ɗinkin da take so, sai ya yini bai buɗe a salularsa ba, don rezo, wato sabis ɗin waya, a lungunsu sai an yi sa'a.

Ana haka sai mutanen unguwa suka kafa ƙungiya, wani mai gyaran salula da ake ce wa Maman Lawali shi ne shugabanta. Kowane gida zai kafa 'yar eriya a kan rufi, wannan ta miƙa wa waccan, waccan ta miƙa gaba, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu, har saƙo ya isa inda aka nufa. Shamsu ya shiga da murnarsa. Ran Alhamis aka kawo masa tasa, da dogon bututun ƙarfen da za a ɗaure ta a kai.

"Ka bar mana hawa sai Asabar," in ji Maman Lawali. "Wayar lantarki ta ratsa gab da rufinka. Tare muke hawa, mu duba inda ya dace."

Shamsu ya ce to, amma a baki kawai. Sallah ta gabato, ɗinki ya taru, gani yake Asabar ta yi nisa. Washegari da hantsi ya aro tsanin ƙarfe ya jingina da rufin kwano. Matarsa Tahira tana wanki a tsakar gida, ta ɗago kai.

"Baban Samira, ba an ce ka jira ba?"

"Haba, Tahira! Ni da ke kwance keken ɗinki in mayar, wanga ɗan aiki ne zai gagare ni? Kahin ki gama wanki na sauko."

Ya hau. Ya ɗaga bututun, idonsa na can kan eriyar gidan Maman Lawali, yana neman saiti. Bai dubi bayansa ba. Nauyin saman ya rinjaye shi, ƙarfen ya karkata, ya kwanta a kan wayar.

Ƙara ɗaya aka ji, da tartsatsi. Wuta ta yi jifa da Shamsu har tsakar gida, ya faɗi ko motsi babu. Bututun kuwa yana nan, kai a kan waya, gindi a kan kwano.

Tahira ta ƙwalla ihu, ta taho a guje da jiƙaƙƙun hannuwa za ta ture tsanin don ta samu wurin tallafar mijinta. Daidai nan maƙwabciyarsu, Inna Tasalla mai fura, ta shigo. Ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta cafki zanen Tahira ta baya, ta fizgo ta har suka faɗi tare.

"Kada ki taɓa ƙarhen nan, ɗiyata! Wuta na cikinsa!"

Maza suka cika gidan. Wani ya buga waya aka yanke wutar layin. Idirisa mai dakon albasa ya sauke buhunan motarsa a bakin titi, aka shimfiɗa Shamsu a ciki sai asibiti. Da aka ce ana neman jini, 'yan ƙungiya suka yi layi, Maman Lawali a gaba.

Shamsu ya farfaɗo, amma ƙugunsa ya karye, kuma wutar ta cinye masa babban yatsa da manuni na hannun dama, dole aka yanke su. Da aka kwance bandejin ya ga hannun da yake riƙe almakashi da shi, sai ya juya fuska bango ya yi kuka kamar yaro. A gadon asibiti Sallah ta same shi.

Yana kwance yana tunanin kayan mutane da ke jibge a shago, sai Tahira ta gaya masa telolin layinsu sun raba atamfofin a tsakaninsu, sun ɗinke, kowace mai kaya ta sa nata ran idi.

"Da mi zan saka ma mutanen nan?" ya ce a hankali.

Bayan an sallamo shi, 'yan ƙungiya suka zo suka kafa eriyar a wata kusurwar rufin, nesa da waya, wani na riƙe da tsani, wani na lura daga ƙasa. Ba wanda ya ce masa "ai mun gaya maka". Yanzu yana koyon yanka da hannun hagu, a hankali, kuma duk wanda zai shiga ƙungiyar sai Shamsu ya nuna masa hannunsa na dama tukuna.

Fitarsa ta farko, da sanda ya dogara har ƙofar Inna Tasalla, ya durƙusa da ƙyar.

"Inna, na zo godiya. Ban san ta inda zan fara ba."

"Tashi, ɗana, Allah za ka gode ma," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Ni dai gani na yi Samira za ta rasa uwa da uba a hantsi guda."

Jama'a, ci gaba abu ne mai kyau, amma gaggawa ba ta cikinsa. Kafin ka ɗaga ƙarfe a kan rufi, dubi inda wayar lantarki take, kada ka hau kai kaɗai, kuma ka jira waɗanda suka san aikin. Shamsu ya dace da maƙwabta na gari, ba kowa ne wuta ke bari ya yi godiya ba.